Sa Hannun Maman Dokas

Highbridge, Bronx, New York
9 ga Disamba

Ƙanwata Nankling,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fatan kina lafiya, ke da Mama da duk mutanen gida a Bukuru. Yaya gwiwar Mama? Ki ce mata ta daina ɓoye magani a ƙarƙashin filo, na san halinta. Mu nan lafiya lau, sai gajiyar asibiti. 'Yarki Dokas ta ƙara tsawo, ta kusa kamo kafaɗata, kuma har yanzu in na yi mata Hausa da Turanci take amsa mini. Mijinki Filimon ya biyo ranar Lahadi, ya ci tuwo, ya yi barci a kan kujera, ya sake hawa tirelarsa. Yanzu haka yana can wajen Texas.

Saƙonki ya iso: acca, da duwatsun kitso, da hula, da dogon mayafin wuyan da kika saƙa mata. Sannu da ƙoƙari. Na zaɓi in rubuta miki maimakon in kira, don yarinyar nan kunnenta kamar na zomo, ko raɗa na yi a kicin sai ta ji.

Ga maganar. Dusar ƙanƙara ta sauka da wuri bana. Akwai wani ɗan Ghana da ke zaune a Mount Hope, Kwaku sunansa, direban bas ne, yana jin Hausar Zongo. Duk Asabar yana tara yaran unguwa a gangaren filin shaƙatawa yana koya musu wasan zamiya. Yaro ya zauna cikin wani faifan roba, sled suke ce masa, ya sulalo daga sama har ƙasa. Da farko na hana Dokas, don a asibiti na sha ganin abin da wasan nan ke yi wa yaran da ba a sa wa ido. Amma da na je na ga tsarinsa, hankalina ya kwanta. Ba yaron da zai hau sai da hular kwano. A zaune ake sulalowa, ƙafa a gaba, ba a kife a kan ciki. Ba ya yarda da gangaren da ƙarshensa titi ne. In an gama kuma ba mai tafiya gida sai an tsince kowace leda da fasasshiyar roba, har waɗanda ba su suka yar ba. Yarinyata ce ma ke riƙe buhun shara, kin san ta da son shugabanci.

Ranar ɗaya ga Fabrairu za su kai yaran wani dutse a arewacin jihar, tafiyar awa biyu da rabi, su koyi zamiya a tsaye a kan dogayen katakai biyu. Bas ɗaya za a shiga gaba ɗaya, Kwaku ya ce ba amfanin motoci ashirin su bi hanya suna zuba hayaƙi a kan abin da aka je gani. Kayan sanyi na aro ne daga ƙungiyar su Kwaku, yaro ya sa bana, baɗi wani ya sa. Hular kwano ce kawai na saya mata sabuwa.

Sai dai masu dutsen ba sa karɓar sa hannuna, dole uwa ko uba. Filimon ya ce shi ba ruwansa, maganar yarinya taki ce. Ga takardar nan na haɗo. Ki buga ta, ki sa hannu, ki ɗauki hotonta ki turo kafin goma sha bakwai ga Janairu. Dokas ba ta san ta wurinki za a bi ba, a zatonta ni zan sa hannu kamar takardun makaranta.

Abu ɗaya kada in manta. Shukun da kika zaɓa mata Zuhura mai kitso ta yi shi da kyau, amma hular kwanon ta ƙi zama a kansa, sai na tsefe na yi mata kwantacce zuwa ƙeya, ba duwatsu. Mayafin wuyan ma ba za ta je wasa da shi ba, ya yi tsawo, yana iya maƙalewa. Na adana mata shi.

Ki gaishe da matan zumunta.

Yayarki,
Hadassa


Bukuru, Jos
15 ga Disamba

Yaya Hadassa,

Salama. Na ga wasiƙarki, na gode Allah da kuna lafiya. Mama da sauƙi, ta ce in gaishe ki. Ni ma lafiya, in dai za a kira zaman jiran biza shekara uku lafiya.

Na karanta wasiƙar nan sau huɗu. A karo na huɗu ma kalmar tana nan ba ta goge ba: "yarinyata". To sannu. Ban san lokacin da kika yi naƙudarta ba, da na zo barka.

Yaya, mu fa 'yan Jos ne. Sanyi ba a Amurka aka fara shi ba. A garin nan ƙanƙara ta fasa mana kwanon rufi kina nan, kin manta? Mako uku na yi ina saƙa mayafin nan tsakanin kan wannan da kan waccan a shago, har yatsuna suka yi kanta. Na yi shi da tsawo ne don ta naɗa sau uku, iska ba za ta shigar mata ƙirji ba. Ke kuma kin ninke shi kin jefa a akwati, kin ce kin adana.

Maganar kitso kuwa ita ta fi ci mini rai. Ni ce mai kitso a gidanmu. Tun Dokas na da wata takwas ba wanda ya taɓa kanta sai ni, har ranar da babanta ya tafi da ita. Abin da ya rage mini yanzu shi ne in zaɓi kitso in tura hoto, in aika duwatsu, in ga hoton kanta in ce wannan nawa ne. Kwana huɗu kacal shukun ya yi, kika tsefe. Kuma da hannunki kika sake yi, ke da ko kalaba ba ki iya ba, Mama shaida ce. Na ga hoton da kika turo. Ba na ganin komai sai wani baƙin kwano da tabarau, da ke a bayanta kin rungume ta kuna dariya. In ba a gaya mini ba, ba zan ce 'yata ce ba.

Sannan kayan aro. Ni da na ce wa matan zumunta 'yata tana Amurka, ashe gwanjo take sawa, gwanjon ma na karɓa-karɓa. Da na sani ai da na shiga kasuwar Katako na zaɓo mata. Kuma a ce ita ce mai ɗaukar buhun shara. Shara muka tura ta ta kwashe? Garin da ke da motocin kwasar bola ya rasa ma'aikata sai 'yar shekara tara? Zanin aro dai ba ya rufe katara, Yaya, ko a wace ƙasa.

Wane ne ma wannan Kwaku? Ranar Lahadi da na kira ta, minti goma muka yi, Kwaku ya ce kaza, Anti ta ce kaza. Na tambaye ta ko ta tuna gwaten da nake yi mata, ta ce wai mene ne shi. Na ajiye wayar na shiga ɗaki na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba.

Takarda kuma na gan ta. Zan duba. Na gaya wa Filimon kada ya kuskura ya sa hannu a bayan idona.

Ƙanwarki,
Maman Dokas


Highbridge
22 ga Disamba

Nankling,

Barka da shirin Kirsimeti. Muna lafiya, sai ɗan tari da Dokas ta yi, ya wuce. Ki gaishe da Mama.

Na ga kin sa hannu a wasiƙarki da Maman Dokas. Ban taɓa musun haka ba. Karin maganar zanin aro ma na ji shi, kuma na san ba rigar sanyi kaɗai kike nufi ba. Na san aro aka ba ni yarinyar nan, ba sai an tuna mini ba. Allah bai ba ni tawa ba, kin fi kowa sani, don a kafaɗarki na yi kukan.

Amma bari in gaya miki abin da ba ya fitowa a hoto. Sanyin Jos da na nan ba ɗaya ba ne. A can in kin ji sanyi sai ki ƙara zani. A nan yaro yana gudu ya yi gumi, rigar auduga ta jiƙe ta manne masa, iska ta buga, kafin ki ankara jikinsa ya yi sanyi ƙalau yana rawar ɗari. Shi ya sa ake sa musu kaya hawa-hawa marasa riƙe ruwa. A dutsen kuwa kujeru ne ke tafiya a jikin waya suna kai mutane sama. Ki yi tunanin bakin mayafi mai tsawon nan ya shiga wani ƙarfe alhali ɗaya bakin yana wuyanta. Ni ma'aikaciyar jinya ce, irin waɗannan abubuwa nake gani kafin in ga kyan saƙa.

Hular kwano dole ta zauna daidai a goshi, yatsa biyu sama da gira. Da shukun nan a tsakar ka take tsayawa tana lilo. Duwatsun kuma in ta faɗi cikin fatar kanta za su nutse. Na so in saya mata babbar hula don kitson ya samu wuri, Kwaku ya girgiza kai ya ce, "Anti, hula mai girma ado ne kawai. Kai guda ne gare ta, ba a sayar da wani a kanti." Ranar farko ma zare ɗaya ya tsinke, duwatsu suka watse cikin ƙanƙara. Ya sa yara duka suka durƙusa suna tsinta ɗaya bayan ɗaya, wai in ta narke tsuntsaye za su ɗauka hatsi ne su haɗiye, saura kuma ruwa ya kwashe su zuwa kogi. Dokas ta ji kunya sosai. Ita da bakinta ta ce in cire sauran.

Kitsona ba shi da kyau, na yarda. Layin ya karkace kamar hanyar Pankshin. Amma hular ta zauna.

Kayan aron kuma ba talauci ba ne. Rigar da yaro zai sa sau biyar ya girme ta, me ya sa kowa zai sayi tasa ta ƙare a bola? 'Ya'yan likitoci ma su suke sawa. Maganar shara kuwa, wurin da suka yi wasa ne suke bari yadda suka same shi. Ba Mama ce ta koya mana share gaban coci bayan biki ba?

Ki yi fushi da ni yadda kike so, Nankling. Amma ki bar yarinyar nan ta je. Ta zana dutsen ta manna a jikin firji, kullum tana soke kwana ɗaya a kalanda. A wannan sanyin na fi ki sanin abin da jikinta ke bukata, wannan ba gori ba ne, zama ne ya kawo.

Yayarki,
Hadassa


Highbridge
13 ga Janairu

Nankling,

Barka da sabuwar shekara, ko da yake ke ba ki ce mini ba. Muna lafiya. Mama ta ce mini ke ma lafiyarki ƙalau, kina shago kullum.

Mako uku ke nan ba amsa. Kina kiran Dokas a wayar babanta in ya zo, ni kuma in na kira ba ki ɗauka. Saura kwana huɗu a rufe karɓar takardu. Kwaku ya tambaye ni sau biyu, na ce masa tana hanya. Na roƙi Filimon, ya ce ba zai shiga tsakanin 'yan ɗaki ɗaya ba, shi da gidansa yake so ya zauna lafiya.

In maganar da na yi ce ta cewa na fi ki sani, na janye ta. Ki yafe mini. Minti biyar ne aikin nan, akwai mai buga takardu a bakin layinku.

Hadassa


Bukuru
4 ga Fabrairu

Yaya Hadassa,

Salama. Ina fatan kuna lafiya. Mu nan sai godiya, Mama har ta je coci da ƙafarta ranar Lahadi. Ki yi haƙuri da shiruna, wayata ce ta yi ta ba ni matsala, ga hidimar biki a shago.

Dokas ta kira ni ranar Asabar. Da kanta ta kira, ba wanda ya ce ta kira. Awa ɗaya da kwata muka yi, na duba agogo. Rabon da mu yi hira irin wannan tun tana nan. Ta yi kuka, na rarrashe ta, na yi mata waƙar da nake mata tana goye, kuma ta tuna ta, Yaya, har ta kama amshi da Hausa. Ta ce, "Mama, yaushe za ki zo? Na gaji." Kin ji? Ni ta tambaya.

Ta ce wai kin manta ba ki kai takarda ba har lokaci ya wuce, sauran yara sun tafi sun bar ta. To, ban musa mata ba. Na ce ta yi haƙuri, Anti aiki ne ya yi mata yawa, mutum ba ya rasa mantuwa.

Ni a ganina hakan ma alheri ne. Dutse ba ya gudu. In na zo sai mu je tare, in riƙe mata hannu da kaina. Uwa ai ita ya kamata ta fara ganin irin wannan abu, ba a ba ta labari ba. Yanzu da ba maganar hula, ki kai ta wurin Zuhura a mayar mata da shukunta, zan turo sabon hoto.

Amma me ya sa kika ce mata ke kika manta? Tambaya ce kawai.

Ƙanwarki,
Nankling


Highbridge
11 ga Fabrairu

Nankling,

Muna raye, mun gode Allah. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa, kuma ki fara da sanin cewa Dokas tana lafiya, tana makaranta yanzu haka.

Kin tambayi dalilin da ya sa na ce ni na manta. Don ni tana ganina kullum. In ta yi fushi da ni, ga tuwo, ga wanka, ga rakiya zuwa makaranta, wata rana za ta huce. Ke kuwa murya ce a waya. In ta ƙullace ki, da me za ki wanke kanki daga Bukuru? Na ga gara ni in ɗauka. A zatona dabara na yi.

Ranar tafiyar ta tsaya a taga da safe tana kallon yara suna hawa bas da jakunkunansu. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta cire zanen dutsen daga jikin firji ta cusa a shara. Tun daga ranar ba ta ce mini ina kwana. In na ce ta sa safar hannu, sai ta cusa ta a aljihu. Ta ce ba za ta ƙara zuwa wurin Kwaku ba, wai me za ta je ji, labarin dutsen da ba ta gani ba? Yaro in ya daina yarda da maganarki a abu ɗaya, ya daina a duka, wannan ne ban lissafa ba.

Ranar Alhamis an sake yin dusar ƙanƙara. Da aka tashi makaranta, maimakon ta wuce gidan maƙwabciyarmu ta jira ni, sai ta bi wasu ƙawayenta biyu zuwa wani gangare a bayan benaye. Kin san unguwarmu duk tudu ce. Wannan gangaren ƙarshensa shingen ƙarfe ne, bayan shingen kuma titi. Ba faifai, ba hula. A kan kwali suka kife, kai a gaba, duk abin da aka hana su. Ta sauko ta daki shingen da haɓarta. Ɗinki huɗu aka yi mata. A asibitinmu aka kawo ta, ina bakin aiki, na ɗago kai na ga rigarta jina-jina. Likita ya duba kanta, ba abin da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Da shingen nan ba ya wurin, da wata wasiƙar nake rubuta miki yau.

Tunda kin faɗi naki, bari in faɗi nawa. Kina kishina don ina ganinta. Ni kuma ina kishinki, Nankling, kishi mai zafi, shekara uku ke nan. Ni ke tashi in zazzaɓi ya kama ta, ni ke zuwa taron iyaye, ni na koyi kitso da girmana ina kallon bidiyo. Amma ranar da ta fara sulalowa ita kaɗai ba ta faɗi ba, ta taso da gudu, na buɗe hannu, sai ta ce in yi sauri in tura miki bidiyon. Ranar Alhamis ma, ina riƙe da hannunta ana ɗinki, ke take kira. Na ji haushi har na ji kunyar kaina. Awa ɗaya da kwatan da kika ƙirga, ni ma na ƙirga ta daga kicin, ina yanka albasa don in samu abin fakewa.

Na san ranar da bizarki ta fito za ku kama gidanku, in koma Anti ta ranar Lahadi. Na shirya wa wannan, ko in ce ina ƙoƙari. Abin da ban shirya masa ba shi ne mu biyu mu yi ta ja har yarinyar ta tsage a tsakaninmu.

Ba zan kai ta a yi shuku ba. Akwai tafiya ta ƙarshe ranar takwas ga Maris kafin ƙanƙara ta narke, likita ya ce kafin nan ta warke. Kwaku ya ajiye mata kujera ba tare da na roƙa ba. Ga takardar nan kuma. Ba zan sake tambaya ba.

Hadassa


Bukuru
16 ga Fabrairu

Yayata,

Salama. Yaya jikin Dokas? Yaya naki? Mama ba ta sani ba tukuna, na ce sai an cire zaren in gaya mata.

Wayata ba ta taɓa lalacewa ba. Takardar farko ma na buga ta tun washegarin Kirsimeti, tana cikin jakata har yau, ta yi laushi don ninkewa. Sau uku ina ɗaukar biro. Duk lokacin sai in ga hoton nan naku kuna dariya, in ce wato in sa hannu da kaina a je a yi wani sabon farin ciki ba ni. Ba tsoron dutse ne ya hana ni ba, na yarda da duk abin da kika faɗa tun wasiƙa ta biyu. Baƙin ciki ne kawai, ba shi da wani suna. Kuma ranar da ta kira tana kuka da ke, na ji daɗi. Na kwana ina jin daɗi. Wannan ne nake ta roƙon Allah gafara a kai tun ranar Talata.

Jiya na kira ta ta bidiyo, kina wurin aiki, babanta ya ba ta waya. Na ga haɓar. Na ce mata, "Dokas, Antinki ba ta manta komai ba. Takardar tana wurina, ni na ƙi sa hannu." Ta tambaye ni dalili da Turanci. Na rasa Turancin da zan faɗa, sai na faɗa da Hausa: na ce kishi nake don ta fi ni samunki. Ban san ko ta gane duka ba. Ta dube ni, sannan ta kashe wayar. Na sake kira sau biyu ba ta ɗauka ba. Filimon ya ce ta shiga ɗakinki ta kwanta a gadonki da takalmanta.

Abin da kika ji mini tsoro ya faru ke nan, kuma ni na jawo. Kada ki rarrashe ta a madadina, kada ki ce mata wasa nake. Ki bar ta ta yi fushinta, tana da gaskiya. Zan riƙa kira duk Lahadi ko ta ɗauka ko ba ta ɗauka ba. Gara ta ƙi jin muryata wata guda da ta ƙi jin maganarki yini ɗaya a garin da ke da tudu da titi.

Ki gode wa Kwaku. Ki ce masa wata mata a Bukuru da ta zage shi ba ta san shi ba tana ba shi haƙuri. In sun je, ki tsaya kusa. Ki duba igiyar hular da hannunki, kada ki bar wa kowa. In ta gaji ta huta, kin san ta da taurin kai, ba sai na faɗi inda ta gado shi ba.

Ga hoton takardar nan, na sa hannu, mai buga takardu ya duba ya ce komai ya fita. A ƙasa akwai wani layi da suka ce a rubuta wanda za a fara kira in wani abu ya sami yaro. Na daɗe a kansa da biro a hannu. Ni ko da gudu na taso, kwana biyu ba za su kawo ni ba. Sunanki na rubuta da lambarki. A gefe suka tambayi mene ne dangantakarki da yarinyar, wurin ɗan ƙarami ne, sai na rubuta abin da ya samu shiga: ita ke riƙe da ita.

Ƙanwarki,
Nankling